Ɓera, fitsari da kalmar "hanta": kwana 19 da muka yi a asibiti da ƙanena

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan labari, don duk sanda na tuno shi sai warin asibiti ya dawo mini a hanci. Abin da ya zaunar da ni yau wani abokin aikina ne a makarantar da nake koyarwa. Ya zo yana ba ni labarin ɗan yayansa, wai kwana biyar zazzaɓi ya ƙi jin allura, ga ciwon ƙugu. Na ce masa, yaushe rabon yaron da fitsari? Sai ya dube ni kamar na saki layi. Irin kallon da ni ma na yi wa likita ke nan ranar da ya yi mana wannan tambaya a watan Janairun 2024, kuma da an yi mana ita kwana huɗu kafin nan, mai yiwuwa da har yanzu shanun huɗarmu biyu ne.

Ƙanena, autanmu, manomi ne, yana zaune da Inna da matarsa a ƙauyenmu da ke ɓangaren Alkaleri, ni kuma aiki ya ajiye ni a cikin garin Bauchi. Akwai wani ɗakin ƙasa a bayan gida da muke kira sito, taga ɗaya gare shi, ita ma an toshe ta da tsumma. Tun farkon damina ba wanda ya buɗe shi. Da aka gama casar masara, Auta ya buɗe don ya jera buhuna, ya tarar ɓeraye sun gaje ɗakin: tsofaffin buhuna sun zama sheƙa, kashinsu ko'ina kamar an barbaza baƙar shinkafa, ga zarni. Ya ɗauki tsintsiya ya share a bushe, ƙura ta turnuƙe har yana fitowa ya yi tari ya koma. Matarsa ta ce ya fito fari fat kamar mai aikin injin niƙa, aka yi dariya, ya yi wanka, magana ta wuce. Ba wanda ya haɗa wannan da rashin lafiya, domin sai bayan sati biyu da 'yan kwanaki zazzaɓin ya zo.

Ranar wata Laraba da yamma ya sauko masa farat ɗaya, da rawar sanyi da ciwon kai mai sara. Kamar kowa, kyamis aka nufa. Mai kyamis ya ce maleriya ce, ya sa masa allurar kwana uku, ya haɗa masa ƙwayoyi a leda, ciki har da daiklofenak saboda ciwon baya, naira 6,500. Ciwon bayan nan shi ya fi damun Auta, a ƙugu, gefe biyu, yana cewa kamar an ɗaure shi da igiya ana ja, don haka ya riƙa ƙara ƙwayar da kansa safe, rana da dare. Ba na zagin mai kyamis, abin da ya saba gani ya yi wa magani. Amma wannan ƙwaya ita likitan ƙoda ya fi yi mana faɗa a kai daga baya: irin waɗannan magungunan kashe ciwo suna rage jinin da ke shiga ƙoda, wadda ta riga ta jigata kuwa sai su ƙarasa ta.

Asabar, da allura ta ƙare jiki bai sake ba, matarsa ta ɗora shi a acaɓa zuwa asibitin sha-ka-tafi. Aka gwada maleriya, babu. Aka yi gwajin taifot, aka ce akwai, ni dai ban taɓa ganin wanda aka yi wa wannan gwaji aka ce masa babu ba. Ƙarin ruwa leda biyu da magunguna, naira 9,000, suka koma gida. Lahadi zazzaɓin ya sauka, Inna har ta yi sadakar ƙosai. Amma mutum sai ƙara lalacewa yake yi: ko ruwa ya sha sai amai, fuska ta kumbura, idanu jawur, yana ganin mutane dishi-dishi kamar cikin hazo. Saukar zazzaɓin nan ta yaudare mu ƙwarai, ashe a irin wannan ciwo lokacin ne ƙoda ke fara tsayawa. Da daddare Inna ta kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, ba ta ma saba kirana da kanta ba. Abin da ta ce kawai, "Kai, ka zo ka ga ɗan'uwanka." Ban runtsa ba.

Litinin kafin hantsi ina gida. Muka kai shi babban asibitin da ya fi kusa, muka yanki kati, muka zauna a benci kusan awa biyu. Muna zaune haɓo ya ɓalle masa, na tare da hankicina. Da likita ya ga jinin, ya ji kwana shida ana zazzaɓi, nan take ya sa safar hannu ya ce kowa ya matsa. Ya auna shi ya ce bugun jininsa ya yi ƙasa sosai, ya rubuta mana takardar turawa zuwa Bauchi. Wannan takarda ku riƙe ta da kyau, ku ɗauki hotonta a waya, ita ta raba mu da layin masu jiran ganin likita a can. Muka yi shatar mota naira 25,000. Ina baya da shi, kansa a cinyata, ya yi amai sau biyu kafin mu haye gadar Dindima, ni da matarsa muna gogewa da tsumma da hannu tsirara. Ganganci ne babba, kuma da ciwon ya zama abin da likitoci suka fara zato, da mu ma mun kwanta.

Mun isa sashen gaggawa wajen la'asar. Tun a bakin ƙofa wata nas ta karanta takardar, ta hana mu shiga cikin jama'a, aka kai mu wani gefe. Ni aka tura buɗe fayil, naira 3,000, kuma tsarin da na tarar a nan shi ne har ranar sallama: a rubuta maka, ka je a yi lissafi, ka biya, ka dawo da rasit, sannan a taɓa mara lafiya. Da na dawo na sami wani matashin likita sanye da takunkumi yana jero tambayoyi. Akwai mai irin wannan ciwo a gida? Ya je jana'iza ko jinya kwanan nan? Yana cin naman ɓera ko gafiya? Akwai ɓeraye a gidan? Na ce, "Likita, wane gida ne babu ɓera a ƙauye?" Matarsa ce ta tuno da sharar sito, tana faɗa tana sunkuyar da kai kamar maganar banza ce. Likitan ya daina rubutu ya sa ta maimaita. Sannan ya juya wurin Auta ya ce, "Yaushe rabonka da fitsari?" Auta ya yi shiru yana lissafi, can ya ce tun jiya da safe, shi ma ɗan kaɗan, launin shayi. Mutum huɗu a kansa kwana da kwanaki, ana ƙirga aman da ya yi da lomar da ya ci, ba wanda ya lura da wannan, shi kuma kunya ba ta bari ya faɗa a gaban Inna ba.

Aka ce za a killace shi har a gwada zazzaɓin Lassa. Kada wanda abin ya sama ya ji haushi. Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da Lassa tare da Ondo da Edo, kuma rani ne lokacinta. Ita ma cutar ɓera ce, wani mai nonuwa da yawa, sunan kuwa na garin Lassa ne a jihar Borno inda aka fara gano ta a 1969. Tana kawo zazzaɓi da zubar jini, tana taɓa ƙoda, tana kuma tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta jini da amai da fitsari, har ma'aikatan asibiti tana kashewa. Duk wanda ya zo da siffar Auta, ita za a fara nema. Aka ɗibi jininsa, ba mu biya ko sisi a kan wannan gwaji ba. Wani jami'in sa ido kan cututtuka ya rubuta sunayen duk waɗanda suka taɓa shi har direban mota, ya ce in ta tabbata za a bi mu kwana 21 ana auna zafin jikinmu. Kwana biyu muka yi a baranda kan tabarma cikin hunturu, ba ma ganinsa sai ta taga. Labari kuwa ya riga mu isa ƙauye: maƙwabta suka hana 'ya'yansu shiga gidanmu, mai kawo wa Inna nono ta canza hanya.

Cikin waɗannan kwana biyu aka yi gwajin ƙoda, naira 7,000, wanda sai da muka maimaita shi sau takwas kafin mu bar asibitin. Akwai wata lamba a takardar da ake kira kiriyatinin, dattin da ƙoda ke tacewa daga jini. Ta lafiyayyen namiji ba ta wuce wajen 110, ta Auta 940. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗanda ya kamata su kai 150,000 zuwa sama, nasa 48,000 ne, dalilin haɓon ke nan. An sa masa robar fitsari, a awa 24 abin da ya taru a jaka mililita 150 ne, bai cika kofin shayi ba, alhali ƙasa da 400 ma abin tashin hankali ne a wurin likitoci. Likitan ƙoda ya ce sai an yi masa wankin ƙoda, amma ba za a ɗora shi a injin da kowa ke hawa ba sai an san matsayin Lassa. Wannan jira ya fi komai cin raina, ga ɗakin can kana hango shi amma dole ka zauna. Laraba bayan isha'i sakamako ya fito, ba Lassa ba ce. Matarsa ta yi sujada a kan simintin baranda.

Nan ne kuma na tafka kuskuren da har yau ake yi mini dariya a gida. Likitan ya tsaya da ni a tsaitsaye, yana sauri, ya ce akwai wasu cututtukan ɓera biyu da suke tunani, ɗaya lefto, ɗaya hanta. Ni dai hanta na ji. Na kira gida na ce an gano, ciwon hanta ne. Washegari da hantsi sai ga Goggo ta sauko daga Keke Napep da jarka guda ta tsimin sassaƙe, wai daga wurin wani mai maganin ciwon hanta da shawara. Abin da ya ƙara rikita ni, cikin gwaje-gwajen da ake yi wa kowa kafin wanki akwai na ƙanjamau da na ciwon hanta iri biyu, B da C, naira 9,000, suka fito babu ko ɗaya. Na ɗauki takarda na bi likitan har ofis na ce, "Ranka ya daɗe, jiya ka ce hanta ce, ga shi an ce hantarsa lafiya lau." Ya dube ni, ya cire tabarau, ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya ce, "Malam, laifina ne, zauna."

Ashe hantar da yake nufi ba ta cikin mutum ba ce, sunan kogi ne, Hantan, a Koriya. Lokacin yaƙin Koriya a farkon shekarun 1950, sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya sama da 3,000 sun kwanta da wani zazzaɓi mai zubar jini da tsayar da ƙoda. Ba a san sanadinsa ba sai 1976 da wani likitan Koriya ta Kudu, Lee Ho-wang, ya gano ƙwayar cutar a jikin ɓeran daji da aka kama kusa da wannan kogi, daga nan danginta duka suka samu suna hantabairos. Shi ɓeran ba ta yi masa komai, yana yawo yana zubar da ita a fitsari da kashi da miyau. In suka bushe aka tayar da ƙura mutum ya shaƙa, shi ke nan, bayan sati ɗaya zuwa biyu, wani lokaci har takwas, ciwo ya tashi. Tana sa ƙananan jijiyoyin jini su riƙa yoyo, shi ya sa bugun jini ke sauka, ido ya yi ja, ƙoda ta kumbura ta daina aiki. Ya zana mini a bayan wata takarda cewa ciwon hawa biyar ne: zazzaɓi, saukar bugun jini, ɗaukewar fitsari, ɓarkewar fitsari, sai farfaɗowa, ya ɗora biro a kan na uku ya ce nan Auta yake. Mafi yawan masu wannan ciwo a ƙasar Sin suke, kuma nau'i mai tsanani na kashe mutum 5 zuwa 15 cikin 100, na arewacin Turai kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. Akwai wanda ake kira Seoul da ke jikin ɓeran gari, irin wanda jiragen ruwa suka watsa a duniya, kuma a 2006 an gano wani nau'i a ɓeran daji a ƙasar Gini. Na Amurka, wanda ya bayyana a 1993, huhu yake kamawa.

Na tambaye shi ko za a gwada a tabbatar. Ya ce gwajin ba na yau da kullum ba ne a wurinsu, kuma ko ya fito ba abin da zai canza a wannan mataki, aikin dai shi ne a riƙe wa ƙoda aikinta har ta farfaɗo. Lefto kuwa, wadda ake ɗauka a ruwa ko lakar da fitsarin ɓera ya gurɓata, tana jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, don haka suka sa masa allurarsa ta kwana bakwai kada a yi sake. A fayil an rubuta gazawar ƙoda ta farat ɗaya, ana zargin cutar ɓera. Abin da ya sanyaya mini rai, ya ce nau'in da ke kama ƙoda ba a ɗaukarsa daga mutum, mu shiga mu yi jinyarmu.

Wankin farko ranar Alhamis aka yi. Na sa hannu a takardar amincewa, na biya naira 78,000, har da kuɗin robar da ake zurawa a babbar jijiyar matsematsi, ta inda jini ke fita zuwa inji ya dawo. Kuɗin hannuna a ranar suka ƙare. Kawu ya kira dillali har gida aka sayar da sa ɗaya naira 380,000, kowa ya san ya fi haka, amma dillali ya riga ya sunsuno jinya. Malaman makarantarmu suka yi karo-karo suka turo 60,000. An kuma buƙaci jini leda biyu, kai za ka kawo masu bayarwa ka biya kuɗin tantancewa, 12,000 kowace leda. Mutum biyar na kira, uku suka zo, biyu suka dace, don haka ku fara neman masu ba da jini tun ranar da aka ambaci wanki. Wankin farkon awa biyu kawai aka yi, wai ba a kwashe dattin lokaci guda don kada ya taɓa kai. Sauran ukun awa huɗu-huɗu, 45,000 kowanne. A ɗakin wankin akwai masu ciwon ƙoda na dindindin da ke da ranakunsu, wasu daga Darazo, wasu daga Dass, sun san juna kamar 'yan aji ɗaya. Wani dattijo da ya shekara biyu yana zuwa shi ya koya mini in biya tun jajibiri in kai rasit kafin ƙarfe bakwai, in ba haka ba sai yamma. Shi ne kuma ya fara gaya mini namu mai warkewa ne, nasa ne ba ya warkewa, ya faɗa yana jan carbi kamar zancen farashin gero yake yi. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na Azare. Wanda abin ya sama yanzu ya tambaya tun a teburin farko ko rangwamen ya shafe shi.

Zaman ɗaki kuwa lissafi ne zalla. Sista ta ba ni roba mai ma'auni da takarda, duk abin da ya shiga cikinsa da duk abin da ya fita sai na rubuta. Ruwan da zai sha a yini shi ne adadin fitsarin jiya a ƙara masa ruwan leda ɗaya, wato rabin lita, kuma kunu da shayi da romo duk a ciki. Mutumin da ya saba kafa kai a kwanon sha in ya dawo daga gona. Wani dare wajen ƙarfe biyu ya kamo hannuna, leɓe duk ya tsage, ya ce, "Yaya, ko murfin gora ɗaya, don Allah, ba wanda zai gani." Na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe, na fita baranda na yi hawaye. Ruwan da ba shi da hanyar fita huhu yake tafiya, kuma mun ga wani a gado na uku da danginsa suka yi wa wannan tausayin, numfashi yake kamar mai nutsewa. 'Yan dubiya su ma sai ka tsare su. Kowa da ledar ayaba da lemu da dabino, ga su cike da sinadarin fotashiyam, wanda in ƙoda ba ta fitar da shi ba zuciya yake tsayarwa. Mu masu jinya muka yi ta cinyewa. Jarkar Goggo kuwa Sista ta gano ta a ƙarƙashin gado, ta ɗaga ta ce, "Goggo, in kina son ɗanki, wannan ko ɗigo." Goggo ta yi fushin kwana biyu, amma jarkar ba ta sake shigowa ba.

A kwana na 11 jakar ta fara nauyi. Mililita 300, washegari 700, na bayansa 1,800. Ban taɓa zaton zan yi murna da fitsarin wani ba, amma ranar har waya na yi wa Inna ina karanta mata lamba. Sai kuma abin ya wuce gona da iri, ya haura lita huɗu a yini, ina zubarwa ina dawowa jaka ta sake cika, hankalina ya sake tashi. Likita ya ce hawa na huɗu ke nan, ƙoda ta farka amma ba ta iya riƙe ruwa ba tukuna, kuma a nan ma ana rasa mutum in aka bari ya bushe. Doka ta juye, wanda ake hana ruwa jiya yau ana binsa da kofi, har da ruwan gishiri da sukari, ayabar ma aka ce ya ci. Bayan wanki na huɗu ba a sake ɗora shi ba. Kiriyatinin ya sauko 520, sannan 310, ranar sallama 190. Sallamar ma yini guda ta ci: likita ya rubuta da safe, ka bi ta wurin magani da wurin lissafi a tabbatar ba a binka komai, kuɗin gado 30,000, sannan a ba ka takardar fita da katin ranar dawowa. Juma'a ce, kwana 19 cif. Da na tattara rasit ɗin da nake tarawa a ledar burodi, har da na magunguna da hoton ciki, abin ya kusa naira 470,000, ban da abinci da zirga-zirga.

Da zan koma baya, baki zan fara buɗewa. Zazzaɓin da ya kwana biyu ko uku ana maganin maleriya bai sauka ba, kada a sake komawa kyamis, kuma in an je asibiti a faɗi zancen ɓera ko ba a tambaya ba: sharar sito, kwashe rumbu, kwana a shagon hatsi, ko da wata guda ya wuce. A tambayi mara lafiya fitsarinsa kullum, babu kunya a jinya, in ta kama a ba shi gora ya riƙa yi a ciki ana gani. Ciwon ƙugu tare da zazzaɓi ba na daiklofenak ko ibufurofen ba ne, farasitamol ya isa kafin a ga likita. Gwajin ƙodar nan na naira 7,000, da a kwana na uku muka yi shi, ba zan ce da ba a yi wanki ba, sanin gaibu sai Allah, amma da ba a ƙara masa kwanakin shan ƙwaya ba. In kuma jini ya fito ta hanci ko dasashi, a rufe hannu ko da leda ce kafin a taɓa, a kira jami'an lafiya, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, na da lambar kyauta, 6232.

Sito kuwa ni na koma na gyara shi yadda aka koya mana. Na buɗe ƙofa da taga ya sha iska rabin awa ban shiga ba. Na sa takunkumi da safar hannu ta roba, na haɗa Hypo kofi ɗaya da ruwa kofi tara, na yayyafa a ƙasa da duk inda kashi yake har ya jiƙe sharkaf, na jira minti biyar, sannan na kwashe da tsumma na ɗaure a leda. Tsintsiya ba ta taɓa busasshiyar ƙasa ba. Muka toshe ramuka da siminti, muka ɗaga buhuna a kan katako nesa da bango, masarar ci ta koma duro mai murfi. Kyanwa ma an kawo, ko da yake ta fi son kwanciya a kan buhu da aikin da aka kawo ta yi.

Auta ya yi kusan wata biyu ba ƙarfi, ɗaukar bokiti ma sai ya huta. Mun koma ganin likitan ƙoda bayan sati biyu, sannan bayan wata uku. A yi gwajin kwana ɗaya kafin ranar a je da sakamako a hannu, mu rashin sanin haka ya jawo mana zuwa ɗaya a banza. A na ƙarshe lambar ta dawo 105, aka ce ya riƙa auna hawan jini da gwada fitsari sau ɗaya a shekara, ya kuma yi bankwana da ƙwayoyin ciwon jiki. Da damina aron sa ya yi wurin Kawu ya haɗa da namu ya yi huɗa. Goggo kuwa har yau in ya je gaishe ta sai ta ce, "Auta, ya hantar?" Ni na gaji da bayani, shi ma ya gaji. Cewa yake yi, "Da sauƙi, Goggo."